Zuwa ga Edita: agwagwar icce ta haura sefa miliyan 500, mu muna saida kan burtu jikka biyar

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya haƙuri da mu masu yawan surutu. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Tun lokacin da aka yi ta cece-kuce a kan dutsen nan na duniyar Mars nake son in rubuto maka, wanda aka tsinta a jihar Agadez cikin watan Nuwamba 2023, mai nauyin kusan kilo 25, sai kawai muka ji a watan Yuli 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York sama da dalar Amurka miliyan 5. Kowa ya tada jijiyar wuya, a fada, a rediyo, a WhatsApp, kuma da gaskiyar mutane, hukuma ma ta ce za a bincika ta inda ya bi ya fita. Toh amma ni wani abu ne daban ya tsaya min a rai. Shi dutse daga sama ya faɗo, babu wanda ya zubda gumi a kansa. Kayan da iyayenmu suka yi da hannunsu fa? Waɗannan kullum suna fita cikin buhu a saman mota kuma ban taɓa jin an yi musu ko rabin wannan hayaniyar ba. Ɗaya daga cikinsu nake son magana a kai, wato kan burtu da mahalba ke ɗaurawa a goshi in za su sanɗi nama, amma ka yi min haƙuri sai na biya ta Amurka tukuna.

A Amurka akwai mutane, kuma ba wai marasa aikin yi ba, likitoci ne da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa, da babu abinda suke tarawa sai agwagin icce. Agwagi ne da mahalba ke sassaƙawa su yi musu fenti, su liƙa darma a ciki don kar su kife, su ɗaura igiya da wani abu mai nauyi su jera a kan ruwa. In garken agwagin gaske ya zo wucewa ta sama suka hango 'yan'uwansu zaune lafiya lau, sai su ce ai nan akwai abinci kuma ba tsoro, su sauko, shi ko mahalbi yana laɓe cikin ciyawa da bindigarsa. Shikenan dabarar.

Abin ba yau ya fara ba. A 1924 masu tonon kayan tarihi sun shiga wani kogo da ake ce ma Lovelock a jihar Nevada, suka tarar da agwagi 11 a ɓoye cikin rami, mutanen asalin ƙasar ne suka ɗaura su da ciyawar bakin ruwa, wasu har an lulluɓe su da gashin tsuntsu na gaske, kuma da aka auna shekarunsu sun kai wajen 2000. Turawan da suka zo daga baya su suka maida abin na icce. Cikin ƙarni na 19 halbin agwagwa ya zama kasuwanci sosai, musamman a ruwan Chesapeake da ke gabashin ƙasar, a halba a cika ganga a loda zuwa otel-otel na Baltimore da New York. Akwai masu ɗora wata ƙatuwar bindiga a kan kwalekwale, tashi ɗaya ta zubda tsuntsaye barkatai, kuma mutum ɗaya sai ya shimfiɗa agwagin icce 200 ko 300 kewaye da inda yake kwance. Kaga ke nan dole a samu masassaƙi a kowane ƙauyen bakin ruwa, har izin aka buɗe don aikin, kamar na Mason a garin Detroit wanda ya yi aiki daga 1896 zuwa 1924. Da aka ga tsuntsaye za su ƙare sai aka yi dokar 1918 da ta kashe cinikin naman tsuntsaye masu ƙaura, a 1935 kuma aka hana ɗaure agwagwa mai rai don ta kira 'yan'uwanta. Bayan yaƙin duniya na biyu na roba suka cika kasuwa, ga arha ga rashin nauyi. Na iccen suka koma tarkace a bayan ɗaki, da yawa murhu ne ya cinye su lokacin sanyi.

Da haka za su ƙare in ba don wasu 'yan tsiraru ba. Wani mai zanen gine-gine a New York, Joel Barber, ya fara tsintar su tun ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, a 1934 ya fitar da littafi a kansu, kayan da ya tara kuma yau suna gidan tarihi na Shelburne a jihar Vermont. Waɗanda suka biyo sawunsa ba su tsaya ga tarawa kawai ba, suka riƙa shiga ƙauyuka suna zama da tsofaffi suna tambaya, wannan wa ya sassaƙa ta, a wane gari, wa ya yi halbi da ita, daga hannun wa ta faɗa hannun wa. Suka rubuta duka. Malam Edita, wannan rubutun shi ne ya koma kuɗi daga baya, kuma shi ne abinda ya sa na ɗauki waya nake ta latse-latse da daren nan.

Bari ka ji lissafi. A 1973 da aka fara gwanjon kayan da wani William Mackey ya tara, an sayi wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki dalar Amurka 10,500, lokacin abin mamaki ne. A 2000 aka yi gwanjon kayan wani likita daga Texas, James McCleery, wata dinya ta icce ta tashi a 684,500. A watan Janairu 2007 wata agwagwa da Lothrop Holmes ya sassaƙa ta kai 856,000. Cikin watan Satumba na wannan shekarar aka saida guda biyu na Elmer Crowell, dinya ɗaya da agwagwa mai dogon wutsiya ɗaya, kowace dalar Amurka miliyan 1.13, in ka juya shi a sefa na lokacin kowace ta haura miliyan 500. Icce ne fa da fenti da idon gilashi guda biyu.

Kuma su waye masu aikin? Shi Crowell mutumin Cape Cod ne a jihar Massachusetts, an haife shi 1862 ya rasu 1952, mahalbi ne da ya yi shekaru yana kula wa masu kuɗi da wurin halbinsu kafin wajen 1912 ya zauna ga sassaƙa gadan-gadan. Yana da wani ƙarfe mai sunansa da garinsu da yake sawa a wuta ya danna a ƙarƙashin tsuntsu, kamar dai yadda makiyayanmu ke sa wa raƙumi shaida. Akwai kuma wa da ƙane, Steve da Lem Ward, a garin Crisfield na jihar Maryland, masu aski ne, in babu mai aski sai su ɗauki icce, galibi Steve ya sassaƙa Lem ya yi fenti. A 1983 gwamnatin Amurka ta karrama Lem da lambar girma ta masu sana'ar gargajiya, shekara ɗaya kafin ya rasu. Har yau kowace shekara ana gasar duniya da sunansu a garin Ocean City, masassaƙan zamani su kawo aikinsu, wasu da alƙalamin wuta suke zana gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya har sai ka taɓa ka yarda icce ne, su ko agwagin aiki sai an jefa su cikin ruwa gaban alƙalai a ga yadda suke zama, wadda ta karkace ko aka kifa ta ta kasa miƙewa da kanta ta faɗi ke nan komai kyawunta. Wannan ƙa'idar ta burge ni wallahi, don ba su yarda ado ya kori aiki ba.

Mai saye in zai sayi tsohuwa abu na farko da yake biɗa shi ne sunan masassaƙi. Sannan fenti, in na asali ne ko ya koɗe ko da tabon harsashi a jiki ba komai, amma in wani mai karambani ya sake mata sabon fenti don ta yi kyau to ya zubda mafi yawan kuɗinta. Har hoton asibiti suke mata, irin na ƙashi, don su gani ko an canza kai ko an cusa sabbin ƙusoshi, su haska ta da wata fitila mai tona inda aka yi gyara. Na jabu ma akwai su, ai duk inda kuɗi ya shiga 'yan damfara na biye. Shi ya sa takardar da ke nuna hannun da abu ya bi tun daga shagon mai shi take da daraja haka.

Wani abin da ya ƙara ja na, ita agwagwa mai dogon wutsiyar nan da Crowell ya sassaƙa irinta ce ke baro Turai lokacin sanyi ta sauko Sahel, tafkin Chadi da fadamar Hadeja da Nguru. Mu ma nan jihar Zinder muna da wuraren tsuntsayen ruwa, tafkin Lassuri da na Gidimuni duka suna cikin jerin Ramsar na wurare masu dausayi da duniya ta yarda a kiyaye, duk wanda ya je bayan damina ya ga kirinjijiya da dinya da zalɓe da belbela ya san abinda nake faɗi.

Toh yanzu mu dawo gida.

Mu ba mu yi agwagwar icce ba, amma mun yi abinda a wurina ya fi ta wuya. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin burtu ba balle kansa, shi ne ƙaton baƙin tsuntsun nan da ke tafiya a ƙasa bibbiyu ko 'yan kaɗan, mai dogon baki da wani ƙullutu a saman baki, yana bin daji yana tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan macizai. Namun daji sun saba da shi, barewa ba ta gudu don ta ga burtu. Mahalbanmu suka lura da haka tun kaka da kakanni, sai suka yi kan burtu da dogon wuya na icce, mahalbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin tufa ya duƙa ya shiga sanɗa, yana sunkuyar da kai yana ɗagawa yadda burtu ke yi in yana kiwo, yana lura da iska kar ta kai warinsa, har ya matso inda kibiya ko adaka za ta kai. Ba Hausawa kaɗai ba, Nufawa ma da wasu maƙwabta suna yi. Shi Ba'amurke ya jera icce a ruwa ya koma ya kwanta yana jira. Namu shi da kansa yake zama tsuntsun, da gwiwarsa da bayansa da wuyansa, cikin rana da ƙaya da ƙarangiya, in ya yi motsi ɗaya wanda ba na burtu ba shikenan nama ya tafi.

Mahaifina baduku ne a unguwar Birni ta nan Zinder, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma ina yaro na ga an kawo masa wannan aikin. Masassaƙi ne ke fara yin wuyan da icce marar nauyi, a lanƙwashe, da ɗan faɗi a gindi inda zai zauna a goshi, mahalbi ya zo da shi tare da ƙoƙon kan tsuntsun da bakinsa. Baba sai ya jiƙa fatar akuya ta yi laushi, ya ja ta a kan iccen tana ɗanya, ya ɗinke ta baya da basilla ɗinki ƙanana-ƙanana, ya ce min kar in taɓa sai ta bushe, don in ta bushe ita da kanta take ƙanƙame iccen ta riƙe ƙoƙon kan yadda ko an faɗi da shi ba zai fita ba. Sannan ya shafa kuloko ta yi baƙi ƙirin, a liƙa idon zakara ja da kakin zuma a wajen ido da maƙogwaro, a sa maɗauri na fata. Wani mahalbin zai miƙo 'yar laya ya ce a tura ƙarƙashin fata kafin a rufe, Baba ba ya tambaya me ke ciki. Ranar da mai shi ya zo karɓa ya ɗaura a zaure don ya gwada ko ya zauna daidai, tsoho ne mai furfura amma da ya duƙa ya yi taku uku yana kaɗa kai sai da mu yara muka ja da baya, ya ce maɗaurin ya yi sako-sako, Baba ya rage, suka yi ciniki ya tafi. Kaga abu ɗaya hannu uku, masassaƙi da baduku da mahalbi, kuma a cikin ukun nan babu wanda aka rubuta sunansa ko'ina.

Kwanakin baya a unguwarmu wani dillali cikin 'yan antika ya shiga wani gida da kakansu mahalbi ne, ya ga kan burtu rataye a ɗakin tarkace ƙura ta rufe shi, ya ba su jikka biyar suka miƙa masa har da godiya. Bai tambayi sunan tsohon ba, su ma ba su ga dalilin faɗa ba. Ban ga laifin mutanen gidan ba, jikka biyar cefane ce a wannan zamanin kuma ba wanda ya taɓa gaya musu abin yana da wani amfani bayan mai shi ya rasu. Rashin sani ne, kaza ta kwana kan dami. Amma ka shiga intanet ka biɗi kan burtu a shafukan gwanjo na Turai, za ka gan su a tsaye a kan sandar ƙarfe an haska musu fitila, an sa kuɗi da yuro, a ƙasa an rubuta Hausa ko Nupe, Najeriya ko Nijar, ƙarni na 20. Wani lokaci har da sunan Baturen da ya taɓa ajiye shi a falonsa. Sunan wanda ya sassaƙa babu, na wanda ya ɗinka babu, garin ma babu, ƙasa biyu aka haɗa aka ce zaɓi ɗaya. Wannan ya fi ƙona min rai a kan jikka biyar ɗin. Jikokin Crowell ko ba su da tsuntsu ko ɗaya a hannu duniya ta san kakansu, mu namu ya tafi ke nan har abada a matsayin wani baƙin mutum da ba a san ko waye ba.

Kuma ba yau muka fara ganin irin wannan ba. Tukwane da kawunan yumɓu na Bura da ke yammacin ƙasar nan haka aka yi ta tonon su ana fitarwa har sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jan jerinta na kayan tarihin da ake yawan sacewa a 2000. Muna da dokar kare kayan tarihi tun 1997. Sai dai doka tana iya tare abu a kan iyaka, ba ta iya dawo da sunan da ba a rubuta ba.

Na san me wasu za su ce in sun karanta wannan, don an riga an faɗa min a fada. Wani ya ce ashe arziki ne a rataye a ɗakunanmu, gobe zai tafi ƙauye ya kwaso. Don Allah samari a yi hankali. Ban ce kan burtu zai yi miliyan 500 ba kuma ba zai yi ba. A Amurkan ma yawancin agwagin nan kuɗinsu kaɗan ne, 'yan ƙalilan ne suka yi tashin gwauron zabi, kuma abinda ya ɗaga su shi ne mutanen ƙasar da kansu ne ke son abinsu suna takara a kai, ba baƙo suka jira ya zo ya yaba ba. Mu masu kuɗinmu nawa ne za su sa jikka hamsin su sayi aikin tsohon masassaƙi su ajiye a falo? Sun fi son furen roba daga Dubai. In aka ruga ƙauye aka kwaso ba tare da tambaya da rubutu ba, an ƙara ɓarna ne kawai, an taya dillali aiki kyauta.

Wani malamin makaranta kuma abokina ya ce min ai wannan maganar gumaka ce, me ya kai Musulmi ajiye siffar abu mai rai. Maganarsa ba abin wasa ba ce kuma fagen malamai ne, su za su yanke. Abinda dai aka karantar da mu a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin yana kan siffa mai inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika, shi ko kan burtu kai ne da wuya kawai, kayan sana'a ne da aka yi don neman abinci kamar kwari da baka, ba wanda ya taɓa durƙusa masa. Mahalban da suka ɗaura shi da alwalarsu suke fita. Ko wanda ransa bai kwanta da rataye shi a ɗaki ba, ina ga ba abinda zai hana shi faɗin sunan kakansa a rubuta.

Magana ta uku ita ce ta fi damuna, kuma ni nake faɗa wa kaina ita. In mutane suka ji ana son kan burtu, wasu za su shiga daji su kashe burtun don su yi sabo su shafa masa ƙura su ce tsoho ne. Tsuntsun nan ya riga ya yi ƙaranci, tun 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana, daji ya zama gona, manyan itatuwan da yake sheƙa a kogonsu an sare, kuma ba mai yawan haihuwa ba ne, ƙwai ɗaya ko biyu yake yi galibi ɗa ɗaya ke tashi. Akwai dokar farauta ta 1998 kuma ma'aikatan gandun daji suna nan. A nan ne nake ganin ya kamata mu ɗauki darasi wurin masassaƙan zamani na can, su ba sa sa ko gashi ɗaya na gaske, komai icce ne. Masassaƙin da ke iya fidda akushi daga danya, turmi daga ƙirya, allo daga aduwa, da gizago kawai ba tare da ya zana komai a takarda ba, ba zai kasa fidda bakin burtu da ƙullutunsa ba. A yi sabo na icce zalla, baduku ya rufe da fata yadda aka saba, a ce sabo ne ba ƙarya, mai shi ya ƙona alamarsa da shekara a gindi. Wanda ke son tsoho ya je gidan tarihi ya kalla, wanda ke son na ratayewa ya sayi sabo hannun mai rai ya ci abinci. Yanzu haka robar China ta kashe kasuwar akushi da ludayi, masassaƙan da ka gani a kasuwar Dole yawancinsu turmi da taɓarya da ƙotar hauya ne ke riƙe da su, 'ya'yansu kuma sun koma kabu-kabu.

Abinda nake roƙo ba mai tsada ba ne, ba sai an jira wani proje daga waje ba. Muna da gidan tarihi a nan Zinder, muna da na ƙasa a Yamai mai sunan Boubou Hama, muna da jami'ar André Salifou cike da ɗalibai masu biɗar abin rubutawa a ƙarshen karatu, kowanensu da waya mai kyamara a aljihu. Muna da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram wadda in ta kira sarakunan mahalba da na masassaƙa da na dukawa babu wanda zai ƙi zuwa. A bi Mirriya da Magariya da Matamaye da Gure da Tanut, duk gidan da ke da kan burtu a ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe, a ɗauki muryar tsohon gidan, a rubuta wa ya sassaƙa, wa ya ɗinka, da wane icce, wa ya ɗaura shi, a wane daji, zamanin wane sarki ko wace yunwa in ba a san shekara ba. A bar wa mutane kayansu, a ba su kofi ɗaya na takardar su ajiye tare da shi. Ko daga baya talauci ya sa sun saida, ya tafi da sunansa, kuma mai saye ba zai ƙara kallon su ya ce jikka biyar ba. Kuma don Allah kar wanda ya wanke ko ya shafa mai ko ya sake fata wai don ya yi kyau a hoto, a kaɗe ƙura da tsumma busasshe a nisanta shi da gara da danshi, shikenan.

Ba kan burtu kaɗai ba, har kwari da warki da ƙahon kira da tarkuna, da tsofaffin sirdi da akusa. Na fara da burtu ne don shi na sani da idona.

Ku ma 'yan jarida da naku rabon, Malam Edita. Kuna da wakili a nan. Rani na zuwa, lokacin da mahalba ke taruwa, ka turo shi ya zauna da tsofaffinsu ya nemi wanda ya taɓa sanɗa da burtu da kansa, don waɗanda suka rage duk sun manyanta sosai, ya ɗauki bidiyon yadda ake takun da kaɗa kan, ya tambayi sunayen masassaƙan da suka yi musu aiki, ku buga da hoto da suna da gari. In ya shigo Birni ya tambayi layin dukawa, akwai dattijai biyu da suka yi aiki tare da mahaifina kuma har yanzu suna zama a ƙofar shago da hantsi, ni zan raka shi in gabatar da shi.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Naka mai karatu,
ɗan baduku daga Birni, Zinder